Kwalbar Alhaji Gado

Shekara ashirin da ɗoriya Gudiya ta yi a ɗakin Alhaji Gado, dillalin albasa a Jega, kuma rabin shekarun nan ba ta san warin bakin mijinta ba sai na albasa. Mutumin gatsar ta yake ɗanya kamar goro, da safe, da rana, kafin ya shiga masallaci, kafin ya zauna taro. Mutanen gari sukan ce kishin sana'a ne. Gudiya takan ce musu haka ne. Ita ke wanke kwalbar, ita ta san abin da albasar take rufewa.

Kwalbar ta roba ce, irin ta ruwan sha, an cusa mata saiwoyi da ɓawon itace har wuya. Sunanta a gida maganin basir. Basir ɗin Alhaji bai taɓa warkewa ba, bai kuma taɓa hana shi zama ba. Saiwoyin sun jiƙu har sun koɗe sun daina ba da launi, amma ruwan da ake zuba musu sabo ne kullum, daga 'yan ƙananan ledoji da yake tsiyayewa a bayan buhuna. A hanyar Kudu ya koyo abin, zamanin da yake bin tirela da kansa, sanyi na kaɗa shi a saman kaya. Ya daina bin tirela tuntuni, amma wai har yanzu sanyin bai sake shi ba.

To kada wani ya ɗauka Alhaji Gado ɗan tasha ne. Ina! Shi ne shugaban kwamitin unguwa mai yaƙi da kayan maye, kuma Allah ya ba shi baki. In ya miƙe yana jawabi a kan lalacewar matasa, har tsofaffi sukan share ƙwalla. Duk abin da kwamiti ya ƙwace a hannun yara, a sitonsa ake ajiyewa kafin ranar ƙonawa, saboda amanarsa. Ranar ƙonawa ta zo, a tara jama'a, a ɗauki hoto, wuta ta ci kwalaye. Ba wanda ya taɓa ɗaga kwali ya ji nauyinsa, don yin haka rashin kunya ne.

Kuma ba wai ba a sani ba ne. Yayansa Ummaru ya sani. Direbobi sun sani, 'yan dako sun sani, mai shayin bakin sito ya fi kowa sani. Sai dai a wajen mutanen nan abin da ba a furta ba bai faru ba. Kowa ya soke nasa sanin a aljihu, ana gaisawa cikin mutunci, ana yi wa Alhaji fatan Allah ya raba shi da basir.

Abin da ya fi ci wa Gudiya rai shi ne abinci. Tun da arziki ya zo Alhaji ya sallami tuwon gero da na dawa. Wake, in ji shi, abincin fursuna ne. Gyaɗa ta 'yan tasha ce. Shinkafar gida da ake turarawa, wadda fadamar garin ke bayarwa, wai tana da tsakuwa. Sai 'yar waje, fara ƙal, wadda inji ya goge har tana sheƙi. Dusa kuwa raguna ake zuba wa, kuma ragunan gidan sun yi ƙiba har maƙwabta na leƙowa kallo. Daga baya ita farar shinkafar ma sai ya yi cokali biyu ya ture kwano.

"Alhaji, ka ƙara ko loma guda," in ji Gudiya.

"Na ƙoshi. Miƙo mini maganina."

Sai ta miƙa. Tana jin haushinsa, tana jin haushin hannunta da ke miƙawa, amma tana son mutumin nan, kuma ba a koya mata wata hanyar son miji ba sai rufa masa asiri.

Ƙafafu ne suka fara kai ƙara. Ya ce tafin ƙafarsa na zafi kamar ya taka garwashi, daga baya ya ce ba ya jin su sam. Wata rana ya dawo daga kasuwa da takalmi ƙafa ɗaya, ɗayan ya zame a hanya bai sani ba. Ga amai kowace safiya. Sannan tangaɗi ya zo. Ikon Allah, mutumin da ya yi shekaru yana sha bai taɓa karkacewa a gaban mutane ba, sai ga shi yana dafa bango tun da farar safiya, kafin ma ya taɓa kwalba.

Aka kira Ummaru, don shi ne babba a gidansu. Dogo ne mai furfura a gemu, wanda bai taɓa kokwanto a kan komai ba tun da aka haife shi. Ya dubi ƙanensa sama da ƙasa, ya ce, "Ciwon ƙahwa na. Aliero za mu."

A ƙasar nan duk abin da ya shafi ƙafa Aliero ake kai shi, wajen masu ɗori. Tsohon da suka samu ya bi ƙafafun Alhaji da yatsu tun daga ƙugu har ɗan yatsa, ya matsa, ya lanƙwasa, ya ce shi bai ga karaya ba, bai ga targaɗe ba, su nemi asibiti.

"Haba, Baba," in ji Ummaru. "Mutum kamar wanga shi zo Aliero shi koma ba ɗauri? Mi za mu ce ma mutane?"

Tsohon ya ce ba ya ɗaure ƙashi mai lafiya. Ummaru ya nace, ya kawo girman gidansu, ya kawo nisan hanya, har tsohon ya gaji ya jera karare a ƙafar dama ya naɗe da tsumma, don a rabu lafiya. Kafin su iso Jega labari ya riga su: Alhaji ya faɗo daga kan buhunan albasa. Gudiya ta ga yadda fuskar Ummaru ta saki. An samo wa ƙanensa ciwo na mutunci, wanda za a iya faɗa a majalisa.

Karare ba su tsayar da amai ba. Alhaji ya rame, ko ruwan koko ba ya zama a cikinsa. Sai aka aika wa Hafizu mai kemis, wanda unguwa ke kira Dokta. Ai kowa ya sani, ba a cewa an yi wa babban mutum magani sai an rataya masa ƙarin ruwa. Allura ta yara ce, ƙwaya ta talaka, amma leda a rataye a ƙusa, 'yan dubiya na shigowa suna ganin tana ɗiga, wannan shi ne jinya. Hafizu ya cire kalanda daga bango ya rataya ledarsa. Ya ɗauko wata 'yar kwalba zai fasa, ya ce bitamin ce, ita ke mai da ruwan rawaya.

"Aje ta," in ji Ummaru. "Mai rawaya na mata masu ciki na. Sa mai hwari, mai sukari, mai ba da ƙarhi."

Hafizu ya san wanda ya kira shi, sai ya mai da kwalbarsa jaka. Leda ta ƙare ya sa wata, wata ta ƙare ya sa wata, tun da Alhaji ba matsiyaci ba ne da za a tsaya a guda.

Da gari ya waye Gudiya ta kawo masa ruwan alwala, ta tarar idanunsa na rawa, suna fizga gefe suna dawowa. Ya ce Ummaru biyu yake gani, alhali ɗaya ma ya ishi mutum. Zuwa hantsi ya daina gane ko a gida yake ko a tasha. Sai barci, in an tashe shi ya yi surutai ya koma. Tsoro ya kama Gudiya irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ta durƙusa gaban Ummaru ta ce don girman Allah a kai shi asibiti.

Ummaru ya yarda, amma ba a Jega ba, inda rabin ma'aikatan 'ya'yan maƙwabta ne. Aka shimfiɗa Alhaji a bayan mota aka nufi Maiyama, wani ƙaramin asibitin kuɗi inda ba a san su ba sosai.

Likitan wurin, Dokta Aaron, mutumin Zuru ne, mai magana a hankali. Ya kwance kararen ya dube su ya ajiye gefe. Ya haska idanun Alhaji, ya buga masa gwiwa da 'yar guduma, ƙafa ba ta motsa ba. Ya ɗago ya ce, "Ku yi haƙuri da tambayar da zan yi. Yana shan giya?"

Ummaru ya miƙe tsaye, har kujera ta faɗi. "Likita, ka san wa ka ka magana a kai? Wanga bawan Allah shi ad da kwamitin hana shaye-shaye na unguwarmu. Ya yi Hajji, ya yi Umra. Mu gidanmu ko taba ba a sha. In a ƙasarku an saba, mu nan ba mu gada ba."

Likita ya bar shi ya gama, sannan ya juya ga Gudiya. "Hajiya, ke ce kike tare da shi."

Gudiya ta ji idon Ummaru a ƙeyarta. Ta dubi siminti. "Ba shi sha," ta ce. "Maganin basir dai."

Da mata da yaya suka haɗu a kan magana ɗaya, sai likita ya bi sauran hanyoyi. Aka ɗebi jini, aka samu zazzaɓin cizon sauro, wanda in an tare mutanen kasuwa aka auna rabinsu za a samu. Aka shiga yi masa magani. Ummaru ya samu suna na biyu mai kyau, ya buga waya gida ya ce zazzaɓi ne ya hau kai. Kwanaki suka shige, zazzaɓi ya tafi, Alhaji bai dawo ba.

Ran nan da rana tana goge masa fuska da tsumma, ya buɗe idanun nan masu rawa ya dube ta ya daɗe. Ya ce, "Baiwar Allah, matar wa ta ke?"

Wannan ita ta karya ta. Ta jira Ummaru ya tafi sallar Juma'a, ta ja mayafi ta shiga ofishin likita, ta zauna a ƙasa ko da yake ga kujera. Ta faɗa masa duka: kwalbar, saiwoyin, ledojin, shekarun, cokali biyu na shinkafa, aman safiya. Ya tambayi me aka yi masa a gida, ta ce ƙarin ruwa. Ya ce an zuba bitamin a ciki? Ta ce fari ne.

Dokta Aaron ya dafe goshi. Bai yi mata faɗa ba, da ma ya yi da ta fi jin sauƙi. Ya ce akwai wani sinadari da ake kira tayamin, bitamin ne, yana cikin dusar hatsi da wake da gyaɗa da nama, kuma jiki ba ya iya ajiye shi da yawa. Da shi ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ke sarrafa sukari su samu ƙarfi. Giya tana hana hanji ɗaukar sa, ta kuma kashe wa mutum cin abinci, ga amai na zubar da ɗan abin da ya shiga. In ya ƙare, jijiyoyin ƙafa ke fara mutuwa, sannan ido da ƙwaƙwalwa.

"Kin san injin ban-ruwa," ya ce. "In baƙin mai ya ƙare, aka ci gaba da ɗura masa fetur ana ba shi wuta, bugawa yake. Ruwan sukarin nan haka ya yi masa. Ɗan ragowar da ke jikinsa ya cinye."

"Shina warkewa?"

"Ido zai gyaru, in Allah ya so. Ƙafa, wataƙila. Tunani kuwa ban sani ba, Hajiya. Wannan ciwon kowace rana da aka rasa tana tafiya da wani abu."

Kafin la'asar an kawo allurar tayamin ɗin daga Birnin Kebbi, aka shiga yi masa safe da rana da yamma. Abin kamar almara, idanu suka tsaya wuri ɗaya. Ya kira ta da sunanta. Bayan wasu kwanaki ya taka da sanda. Gudiya ta shiga bayan gida ta yi kukan murna inda ba mai ganin ta.

Sai dai an dawo da Alhaji ne ba a dawo da shi duka ba. Abin da ya wuce tuntuni yana nan daram: sunayen direbobinsa na da, shekarar da albasa ta ruɓe a Aliero, ranar da aka kawo Gudiya daga Dangamaji. Amma sabon abu ba ya zama. A ba shi abinci, a ɗauke kwano, ya ce yaushe za a ci. Kuma ba ya cewa ya manta. In an tambaye shi ina ya kwana, sai ya gyara zama ya ce yanzun nan ya sauka daga Anacha, can Kudu, ya faɗi lambar motar, ya faɗi inda taya ta fashe. Likita ya ce ba ƙarya yake ba, ƙwaƙwalwa ce ke cike gurbi da abin da ta samu, shi kansa ya gaskata.

Ranar sallama Dokta Aaron ya kira Ummaru ya ba shi ƙwayoyi, ya ce kullum a sha, a ba shi wake da gyaɗa da hatsin da ba a surfe ƙal ba, kuma ko ɗigon giya kada ya sake shiga bakinsa. Sannan, da zuciya ɗaya, bawan Allah ya ƙara da cewa, "Ku gode wa Hajiya. Da ba ta faɗa mini gaskiya ba, da gawa za ku ɗauka."

Ummaru ya karɓi ƙwayoyin ya nufi mota.

A gida an riga an daidaita labari: faɗuwa ce, da zazzaɓi, da hannun maƙiya, don dillali ba ya rasa mahassada. 'Yan dubiya suka yi ta zuwa, suna fita suna cewa Alhaji ya warke sarai, har ya fi da hira. Ya ba su labarin liyafar da ya ci jiya da manyan ƙasa, suka ce ai girma ne. Kwamiti ya sake zaɓen sa ba hamayya. Gudiya ta jefa kwalbar a masai, ta koma tuƙa tuwon gero, tana ba shi ƙwaya da hannunta tana tsayawa sai ya haɗiye. Ya fara cikowa. Ta ce a ranta ko a haka aka tsaya ta gode wa Allah, mijinta ne, ya san ta, yana cin abincinta.

Ummaru ne abin ya tsaya wa a wuya. Shan da ƙanensa ke yi bai taɓa hana shi barci ba, amma a ce mace ta buɗe baki ta faɗa wa baƙo, wanda ba ma addini ɗaya ba! Wata safiya ya zauna kusa da ƙanensa a tsakar gida, Gudiya na tankaɗe a gefe, ya ce, "Gado, ya kamata ka sani. Matarka ta tahi wajen likita tac ce kai mashayi na."

Gudiya ta ga fuskar mijinta ta canza. Kunya ce ta fara zuwa, sannan wani irin ciwo, kamar yaron da aka tuɓe a kasuwa. Ya ce, "Gudiya, ke? Ni kika yi ma haka? Tahi, na sake ki."

Rariya ta faɗi daga hannunta. Ta shiga ɗaki ta zauna bakin gado. Ba ta gama share hawaye ba ta ji muryarsa, sake, irin ta kullum: "Gudiya, kawo mini ruwa mana. Ga Yaya ya zo, ko gaishe shi ba ki yi ba."

Ta kawo ruwan. Me za ta yi?

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Amma Ummaru ya faɗa wa gwaggonsu, don ya rage nauyin ƙirji, kuma gwaggo ba ta iya ganin ana cutar ɗan ɗan'uwanta a rufe. Ta zo da sandarta ta zauna, ta ce ya kamata ya sani. Alhaji ya ji labarin sabo fil. Kunyar nan ta sake zuwa, ciwon nan ya sake zuwa, kalma bayan kalma ya maimaita abin da ya faɗa. Gudiya ta fi jin zafin ganin an sake soka masa wuƙar a wuri ɗaya fiye da sakin kansa. Daga ranar ta zama mai gadin ƙofa, duk wanda ya shigo tana tsaye a kansa. Amma mace ba ta zama a zaure cikin maza. A can Jabir, sakataren kwamiti, ya sunkuya ya raɗa wa shugabansa cewa akwai maganar da ke yawo, kuma a matsayinsa na masoyi ya ga ya kamata ya sani. Daga tsakar gida ta jiyo saki na ukun.

Aka ɗauko Malam Abdulmumin, limamin unguwa, dattijo mai tsoron Allah da ba ya son raba aure. Aka zauna a zaure, Gudiya na bayan ƙofa. Malam ya ji bayani, ya ce magana ɗaya ce: in mutum na cikin hankalinsa, saki uku ya yanke igiya. In kuwa hankalinsa ya gushe, sakinsa ba ya aukuwa, ko sau ɗari ya furta.

"Hankalinai ɗaya da nawa," in ji Ummaru. "Gidanmu ba a taɓa haukacewa ba."

"Malam, ba shi riƙe magana," in ji Gudiya daga bayan ƙofa. "Yanzu in kun hita kun dawo, sabuwar gaisuwa za shi yi muku."

"Ji ta," in ji Ummaru. "Ta ce mashayi, yanzu ta ce mahaukaci."

Malam ya ɗaga hannu. Ya juya ga Alhaji, wanda ke zaune cikin farar riga yana murmushi, ya ce, "Alhaji, kana sane ka saki iyalinka?"

Gudiya ta matso jikin ƙofa. Ta san bai san da wani saki ba. Ta kuma san ba zai ce bai sani ba.

Alhaji ya gyara hula. "Ƙwarai kuwa, Malam. Ai na daɗe ina shawara. Tun a hanyar Anacha nike ta tunani, har na tsaya Kwantagora na yi istihara. Da na iso na tara 'yan'uwa na hwaɗa musu. Abin da ciwo, amma namiji ba shi magana biyu." Ya kawo aya, ya kawo karin magana, ya rufe da addu'a. Wallahi ko a taron kwamiti bai taɓa tsara zance haka ba.

Malam ya dubi Alhaji, ya dubi ƙofa. Bai gamsu duka ba, don ya san rabon Alhaji da Anacha an daɗe. Ya ce, "Hajiya, ni ba likita ba na. In kina da ja, a kira likitan da yad duba shi, shi zo gaban alƙali shi bayyana ciwon da abin da yak kawo shi. In ya tabbata, aurenki na nan."

Kowa ya san abin da likitan zai faɗa, kuma kowa ya san kotu ba ta da ƙofar rufewa. Gobe a kasuwar albasa, a tasha, a bakin masallaci, yaran da ya ƙwace wa kaya su riƙa nuna shi. Kuma shi ba zai riƙe ba balle ya saba. Duk wanda ya yi masa gori, ranar ce zai fara ji.

Gudiya ta leƙa ta kafar ƙofa ta dube shi, yana ta murmushi yana jiran a yaba jawabinsa. Ta tona shi sau ɗaya, a ɗaki, ga mutum ɗaya, don ransa. Ta auna ta ga ba za ta iya tona shi a gaban gari don aurenta ba.

"A bar likita, Malam," ta ce. "Ba ni da ja."

Malam ya ce to ta yi idda a ɗakinta, haka shari'a ta ce, ya yi salati ya tafi ransa ba daɗi. Ko ƙurar tafiyarsa ba ta kwanta ba Ummaru ya ce ta haɗa kaya. "Ba ki zama gidan ga. Shi da ba shi riƙe komi, mantawa za shi yi shi shigo ɗakinki, a ja muna haram."

Ta dube shi har ya kau da kai. Sannan ta shiga ɗaki ta fara haɗa kaya.

Da hantsi keke mai ƙafa uku ya tsaya a ƙofar gida. Ta damƙa ƙwayoyin ga matar Ummaru, ta nuna mata yadda ake ba shi, ta ce a tsaya sai ya haɗiye, a sa masa wake ko ya ce ba ya so, kada a surfe geron ƙal. Matar ta ce to, to, tana kallon wani wuri. Aka fitar da akwati da kwanuka.

Alhaji na zaune a kan tabarma a bakin zaure, sandarsa a gefe. Ya ga ta fito da mayafi.

"Ina za ki da kaya haka?"

"Dangamaji, Alhaji."

"Lahiya dai?"

"Lahiya lau."

"To ki gaishe su. Kar ki kwana, kin san ba ni iya cin tuwon kowa."

"To, Alhaji."

Ta shiga keken ta zauna a kan akwatinta. Mai keke na ta fama da injin bai tashi ba, sai ga wani maƙwabci ya tsaya gaida Alhaji, ya tambaye shi jiki, ya tambaye shi iyali. Ta ji ya ce lafiya lau, tana ciki tana tuƙa masa tuwo.